Mai Fulogi Ya Kwanta a Daura

Ranar da surukina ya rasu, tabarmin gidanmu ba su ishe mu ba. Sai da maƙwabta suka kwaso nasu, aka shimfiɗa tun daga ƙofar gida har bakin titi, aka aro bencina daga coci, aka haɗa da na mai shayin unguwa. Ina cikin gida wajen murhu tare da matan zumuntar cocinmu, amma duk fitowar da zan yi da ruwa ko kunu sai na ga sababbin fuskoki. Ibo masu shaguna sun kulle shagunansu sun zo. Kanikawan babur sun zo da baƙin mai a hannu, ko wankewa ba su tsaya yi ba. Manoma daga Dutsi da Mashi da ƙauyukan bakin iyaka sun jingine baburansu a jikin katanga, har wani mai wucewa ya tsaya yana tambaya ko sabuwar kasuwa aka buɗe.

Kowa da irin tasa gaisuwar. Mutanenmu na coci suna cewa, "Baba ya huta, ya tafi gida." Maƙwabtanmu Musulmi suna durƙusawa gaban maigidana suna cewa, "Ya haƙuri? Allah ya ba ku haƙurin rashi." Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a gefen shagonsa ta kutsa har ɗakin Mama, uwar mijina, ta zauna ta miƙe ƙafafu tana kuka tana faɗa.

"Mai Fulogi ya tafi! Yanzu wa zai zo ya cinye mini ƙosai yana cewa gishiri ya yi yawa?"

Mama, duk da idanunta sun kumbura, sai da dariya ta ƙwace mata.

Wajen la'asar wani saurayi ya tsayar da babur ya sauke wani dattijo mai farin gemu. Ƙafarsa ɗaya ce, ɗayar wandon an naɗe shi an ɗaure a gwiwa. Ya dogara sanduna biyu, ya ƙi kujerar da aka miƙo masa, ya zauna a tabarma gaban maigidana. Ya yi masa ta'aziyya. Can ya tambaya, "A ina za a sa shi?"

Maigidana ya ce, "Malam, muna jiran ƙanensa daga gida. An kai shi mutuware, ɗakin ajiye gawa, tukuna."

Dattijon ya gyaɗa kai. "In a nan ne, kada a nemi masu haƙa. Ina da 'ya'ya maza."

Wannan shi ne mutumin Mashi, kuma zan zo kan labarinsa. Na zauna rubuta wannan ne domin 'ya'yana ƙanana ba za su tuna muryar kakansu ba, ni kuwa ba na so ya zama hoto kawai a bangon falo.

Baba, wato surukina, ya zo Daura daga ƙasar Ibo tun yana saurayi, ya yi wa wani ɗan garinsu yaron shago, daga baya ya kafa ɗan teburinsa a bakin tasha. Fulogin babur ya fara sayarwa, sunan Mai Fulogi ya bi shi har bayan da shagon ya cika da tayoyi da sarƙa da birki da kayan injin ban ruwa. Ya iya Hausa har yana yi wa kanikawa ba'a da ita, amma abu guda ya gagare shi har ya koma ga Mahaliccinsa, wato bambance mace da namiji a magana. Kowa a wurinsa "kai" ne. Matar fasto "kai", Mama "kai", ni ma ranar da aka kawo ni gidan na durƙusa ina gaishe shi kaina a ƙasa, sai na ji ya ce, "Kai 'yar Dutsi, tashi ka ci abinci." A nan zan gyara masa maganarsa, don ya sha roƙona in riƙa yi masa hakan.

Ni Bahaushiya ce daga wani ƙauye kusa da Dutsi, inda gidajen Kirista ba su da yawa, sauran duk danginmu ne Musulmi, gona ɗaya, rijiya ɗaya. Na taso da sanin cewa ba a cin abinci gaban suruki, ba a ɗaga ido a dube shi. Baba bai yarda da wannan ba. In na kai masa tuwo na juya zan gudu, sai ya ce, "Zauna. In kin sa mini guba ai gara ki ga yadda zan mutu." Da irin wannan ya cire mini kunyar, har na zama ni ce mai kai masa ƙarar maigidana.

Ba waliyyi ba ne, kuma da zai ji na ce haka ne shi, da ya yi mini faɗa. Yana da saurin fushi, muryarsa kuwa daga shago ana jin ta a tasha. Likita ya hana shi mai da gishiri saboda hawan jini, Mama tana auna masa komai, shi kuwa yana zagayawa wajen mai ƙosai ya dawo yana goge baki. In baƙi sun zo daga kudu, kafin su huta sai ya kwashe su ya kai su Kusugu, ya tsaya yana ba su tarihin rijiyar yana buga ƙirji, sai ka ce kakansa ne ya haƙa ta.

Labarin mutumin Mashi ya faru tun kafin a auro ni, amma na ji shi daga bakin Baba sau da yawa, don bai taɓa ɓoye shi ba. Yana faɗa a coci, yana faɗa a shago, yana faɗa wa duk yaron da ya zo koyon sana'a tun ranar farko.

A lokacin yana ganiyar neman duniya. Yana zuwa coci ranar Lahadi, amma a cewarsa takalmansa ne kawai ke shiga, zuciyarsa tana shago. Ya samo wasu kayan birki na jabu masu araha, ya san na jabu ne, ya zuba su cikin kwalin masu kyau. Wani manomi daga Mashi mai ɗan kiwo ya zo ya saya, ya ma tambaye shi, "Mai Fulogi, tsakaninka da Allah mai kyau ne?" Baba ya ce mai kyau ne. Ba a yi nisa ba mutumin ya ɗauko buhun gero zai kai kasuwar bakin iyaka, babbar mota ta fito masa a kwana, ya taka birki, birki ya ƙi. A asibiti aka yanke ƙafar.

Babu wanda ya san dalili. Kowa ya ce ƙaddara ce. Bakaniken da ya kwance baburin ne ya kawo wa Baba ragowar birkin a shago, ya ajiye masa a kan tebur, ya tafi.

Baba ya ce daga ranar abinci ya daina wuce masa. In ya ɗaga loma sai ya ga ƙafar mutum. Ya rame har Mama ta ɗauka sammu aka yi masa. Daga ƙarshe ya je wajen wani tsohon mai bishara, Bahaushe, ya zube a gabansa ya faɗi komai, ya ce shi kam ya san wuta ce makomarsa. Tsohon ya bar shi ya gama kuka, sa'an nan ya ce masa, "Laifinka babba ne, ba zan rage maka shi ba. Amma domin irinka Yesu ya hau gicciye. In ka tuba da gaske, ya ɗauke. Tashi ka je ka yi abin da wanda aka yafe wa yake yi."

Washegari ya tara sauran kayan jabun a gaban shago ya cinna musu wuta, jama'a na kallo. Daga nan ya nufi asibiti, ya durƙusa a gefen gadon mutumin ya ce, "Malam, ni ne na yanke maka ƙafa." Ya yi bayani. Mutumin ya ɗauki kofin ruwa ya jefe shi da shi a fuska. 'Yan'uwansa suka yi kansa, sai da ma'aikatan asibiti suka shiga tsakani. Aka kai magana gaban manya, aka yanke abin da zai yi, ya yi duka bai yi gardama ba. Amma mutumin ya rantse ba zai yafe ba.

Har aka auro ni Baba yana zuwa Mashi. Duk ranar kasuwa sai ya bar wa yara shago, ya hau babur, ya je ya zauna a dakalin ƙofar gidan mutumin. Ya yi sallama, ba a amsa ba. Ya zauna har rana ta yi sanyi ya dawo. In damina ta faɗi sai ya kwashi yaran shagonsa su je su yi wa gonar noma, mai gona yana kallon su daga nesa. Shekaru aka yi a haka. Wata rana ina ɗaure masa ruwa a bayan babur na kasa haƙuri na ce, "Baba, ai ka ce Allah ya gafarta maka. Wannan wahalar kuma ta mece ce? Mutumin nan ko kallonka ba ya yi."

Ya ce, "'Yar Dutsi, ai don an gafarta mini ne nake iya zuwa. Da ba a gafarta mini ba, da kunya ba ta bar ni na tunkari ƙofar nan ba. Allah ya yafe nasa. Na mutumin nan kuwa hakkinsa ne, ba zan ƙwace ba, roƙo zan yi."

Ranar da abin ya faru ba zan manta ba. Bayan ƙaramar Sallah ne da kwana kaɗan. Ina tankaɗen gari a tsakar gida sai na ji hon ɗin babur tun daga farkon layi, ba ƙaƙƙautawa. Baba ya shigo, ko jingine baburin bai yi ba ya sake shi ya faɗi, ya hau rawa, tsoho da tumbinsa, yana juyi yana kuka yana waƙa da Ibo. Mama ta fito da ludayi a hannu tana tambaya ko ya haukace ne. Da ƙyar ya iya ba mu labari. Ya ce yana zaune a dakali sai ga mutumin ya fito da sandunansa, ya zauna kusa da shi, ya sa aka kawo fura a ƙwarya ɗaya da ludayi biyu. Ya ce masa, "Mai Fulogi, wata guda na yi ina azumi ina ɗaga hannu ina roƙon Allah ya yafe mini, ga ka nan a ƙofata na riƙe ka. Na ji kunyar Ubangijina. Na yafe maka duniya da lahira."

Tun daga nan suka zama aminai. Suna zama su yi ta musu a kan addini, kowa yana kan bakansa, su rabu suna dariya. Baba yakan ce masa, "Malam, ranar tashin matattu abin da zan fara dubawa ƙafarka ce. Ina so in gan ka da biyu." Shi kuma ya ce, "To ka dai tabbata ba kai za a ba sayo ta ba."

Nawa labarin da shi ya fi wannan zafi. 'Yata ta fari ta rasu tana fara tafiya. Zazzaɓi ne ya kama ta, kafin mu farga ya hau mata kai. Aka binne ta a makabartar Kirista da ke bayan gari. Baba da kansa ya karɓi diga ya yi haƙan, ya hana kowa. Ni kuwa bayan nan na zama kamar itace. Ba na ci, ba na magana, na daina zuwa coci. Abin da ke cin raina shi ne na bar yarinya ita kaɗai a daji, ita da ko ɗaki ba ta yarda a bar ta ita kaɗai. Matan zumunta sun zo sun yi addu'a, fasto ya zo ya yi karatu, duk ina jin su kamar daga wani gari.

Wata safiya Baba ya ce in sa mayafi in hau babur. Ya kai ni makabartar. Na tarar ya share wurin tas, ya kewaye ɗan kabarin da duwatsu, ya kuma ja wani layin duwatsun a gefensa, dogo, daidai tsawon babban mutum.

Ya nuna da ƙafa ya ce, "Nan nawa ne. Ba za ta daɗe ita kaɗai ba, ni tsoho ne. Ke kin taso a gona. In kin zuba gero a rami kin take da ƙafa, kina komawa gida kina kuka an binne miki hatsi? Shuka muka yi a nan. Yesu ya shiga kabari ya fito da ƙafarsa, kuma ya yi alkawari zai fito da nasa. Ranar da ya kira, ni ne kusa, ni zan ɗauko miki ita in kawo miki."

Na faɗi a wurin na yi kukan da ban yi ba tun ranar rasuwar. Bai hana ni ba, ya koma gefe yana cire ciyawa. Da muka dawo gida na ci abinci.

Wannan alkawarin ne ya haɗa shi faɗa da ƙanensa. Ƙanen yana can gida a kudu, shi ke riƙe da gidan gado, kuma ya daɗe yana matsa wa Baba ya tattara ya dawo ya tsufa cikin dangi. Wata Kirsimeti da ya zo mana, Baba ya gaya masa a Daura za a binne shi. Ƙanen ya ture kwanon abinci ya miƙe. Suka yi ta ɗaga murya da Ibo, ina tsintar rabi. Ƙanen yana cewa ɗan gidansu ba ya kwana a ƙasar baƙi, Baba yana cewa ƙasa duk ta Ubangiji ce, kuma wanda zai tashe shi ba ya bukatar a yi masa kwatancen hanya. Ƙanen ya tafi da fushi. Suna gaisawa a waya, amma ba su sake taɓa zancen ba.

Ciwon ajalinsa bai ja da yawa ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya. A asibiti in ma'aikaciya ta nufo shi da allura sai ya rufe ido ya kama hannun Mama kamar yaro. Na ce, "Baba, kai da kake cewa ba ka tsoron mutuwa?" Ya ce, "Allura daban, kabari daban. Kabari na san wanda ya shiga ya fito. Allura kuwa shiga kawai take yi."

Da ya ga abin ba na tashi ba ne ya ce a mai da shi gida. Ranar Lahadi bayan sujada fasto ya kawo masa Jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin da muke karɓa don tunawa da mutuwar Yesu. Ya sa aka sa masa farin kaftani, aka jingina shi da matashi. Ya nemi gafarar Mama a gabanmu duka, har da ƙosan da ya ci a ɓoye. Ya sa wa maigidana albarka, ya ce kada ya taɓa sa abu a kwalin da ba nasa ba. Fasto ya tambaye shi ko akwai abin da ke damun zuciyarsa. Ya ce, "Babu. Ni mai zunubi ne da aka wanke. Ina ɗokin ganin wanda ya wanke ni." Da hantsin washegari, Mama tana shafa masa mai a ƙafa, ya ja numfashi ya sauke, shi ke nan.

Ƙanensa ya iso da dattawa biyu na danginsu, da motar ɗaukar gawa a bayansu. Bayan sun huta aka zauna a gindin darbejiyar tsakar gida, maza a kujeru, Mama a tabarma. Ni suruka ce, ba ni da wurin zama a irin wannan taro, ina daga ƙofar kicin ina ji.

Ba zan zalunci ƙanen Baba ba, ba mugun mutum ba ne. Ya yi magana da hawaye. Ya ce uwarsu da ubansu suna kwance a ƙofar gida, an bar wa yayansa wuri a tsakaninsu. Ya ce in ya koma da mota ba kowa, mutanen gari za su ce sun yar da ɗan'uwansu a hanya, kuma jikokinsa za su girma da wannan gorin. Ya juya ga maigidana ya ce, "Kai ne babban ɗa. Ka faɗi." Maigidana ya sunkuyar da kai. Na san yana tsakanin maganar ubansa da fushin dangi, ga shi shi ne zai riƙa zuwa garin nan har ƙarshen ransa.

Sai Mama ta ɗaga murya ta kira ni. "'Yar Dutsi, zo ki gaya wa babanki abin da yayansa ya ce miki."

Na fito, na durƙusa, na faɗi duka, tun daga rasuwar yarinyar har zuwa layin duwatsun. Maigidana yana fassarawa inda Hausar ta yi musu nauyi. Ƙanen Baba ya saurara, sa'an nan ya ce, cikin taushi, "'Yata, lallashin ki ya yi. Kowa yana faɗin irin wannan ga mai kuka."

Mama ta ce, "Ni ma na so a kai shi gida, don can nake so in tsufa. Na roƙe shi, ya ƙi. Na zauna da mutumin nan tun ina yarinya, na san lallashinsa, na san alkawarinsa. Kafin ka yanke, tashi mu je ka gani da idonka."

Muka ɗunguma zuwa makabarta. Ga ɗan kabarin, ga dogon layin duwatsun a gefensa, a share, don har ciwo ya kwantar da shi bai daina zuwa gyara wurin ba. A inuwar wata bishiya kuma ga mutumin Mashi zaune da 'ya'yansa maza, diga da shebur a gabansu. Ashe tun ranar da ya zo gaisuwa kullum sai sun zo sun jira, ko za a ce su fara.

Ƙanen Baba ya tambayi ko su wane ne. Maigidana ya gaya masa. Ya san labarin, amma bai taɓa ganin mutumin ba. Ya daɗe yana duban naɗaɗɗen wandon nan, sa'an nan ya ce a tambayi dattijon, shi da aka yi wa wannan, me ya kawo shi.

Dattijon ya ce, "Gaya masa yayansa ya cuce ni rana ɗaya, ya nemi gafarata shekara da shekaru. Ban taɓa ganin mai tsoron haɗuwarsa da Allah kamarsa ba, ban kuma ga mai murnar haɗuwar kamarsa ba. Gawa taku ce, in kun ɗauke ba mu da ta cewa. Amma in kun bar mana shi, ba a daji kuka bar shi ba."

Ƙanen Baba ya cire hularsa. Ya dubi kanikawa da 'yan kasuwar da suka biyo mu, sun cika bakin makabartar. Ya dubi duwatsun. Sai ya fashe da kuka, ya ce da 'yar gurguwar Hausarsa, "Na ce yana ƙasar baƙi. Ashe ni ne baƙo a nan." Ya miƙa hannu aka ba shi diga, ya kai sara na farko da kansa, sa'an nan ya miƙa wa babban ɗan mutumin Mashi. Suna haƙa suna tsokanar maigidana, wai kabarin Kirista faɗi gare shi kamar za a kafa ɗaki.

Ban taɓa ganin jana'iza irin ta Baba ba. Coci ya cika ya tumbatsa, maƙwabtanmu Musulmi suka tsaya a waje cikin inuwa har aka gama sujada, sa'an nan suka bi mu. Kanikawa suka hana a sa akwatin a mota, suka ɗauke shi a kafaɗa, suna karɓa-karɓa da samarin Ibo har bayan gari. 'Yan babur suka jeru gaba da baya suna tafiya a hankali. Matan zumunta suka sha ɗamara, tulu da ganga da caki suna tashi, ana waƙar tashin Almasihu da Hausa, mutanen kudu su amsa da tasu. Mata suna leƙowa daga ƙofofin gidaje suna tambaya ko biki ne. Wata a cikinmu ta ce musu, "Biki ne, rakiya muke yi."

A bakin kabari fasto bai ja magana ba. Ya ce wanda muke sawa a ƙasa mai zunubi ne da ya san kansa, ya kuma san Mai Cetonsa. Ya ce ajiya muka kawo, kuma Mai ita zai zo ya karɓa. Jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi har sai da tsuntsaye suka tashi daga bishiya. Aka saukar da akwatin a hankali, gefe da gefe da ɗan kabarin 'yata. Na tsaya ina kallo ina jiran baƙin cikin da na sani ya taso mini, sai na ji zuciyata wasai. Ƙanen Baba ya zuba ƙasa, ya debi wata ya ƙulle a hankici zai kai ƙofar gidansu. Maigidana ya zuba, ni ma na zuba.

Mama ce ta ƙarshe. Aka riƙo ta ta ce a sake ta. Ta tako har bakin ramin da ƙafarta, ta sunkuya ta debi ƙasa ta watsa a kan akwatin. Kowa ya yi tsit, masu kiɗa suka ɗora hannu a kan ganguna. Ta leƙa ciki, ta yi magana da muryarta ta kullum, ba kuka, ba rawar baki.

"To, maigida. Sai da safe."

Ta miƙe, ta karkaɗe hannuwanta, ta gyara ɗaurin zane, ta juyo ta dubi matan zumunta.

"Me kuke jira? Ku buga mana."